Hannun Da Ya Ƙi Jin Magana: Yadda Masana Suka Haɗa Kai Kan Ciwon Tsigar Gashi Da Ƙwaƙular Fata

  

Yau da laifinmu za mu fara. Lokacin da muke aji biyu na ƙaramar sakandare a makarantar kwana, akwai wata yarinya a ɗakinmu da ba ta taɓa cire ɗankwali. Da shi take kwana, da shi take tashi, wanka ma sai ta bari kowa ya watse. Ranar Asabar idan aka zauna kitso a gindin bishiya, ita sai ta ce kanta ke ciwo. Wata rana ana guje-guje a fili ɗankwalin ya zame, sai ga tsakiyar kanta fetal kamar faɗin tafin hannu, babu gashi ko sili ɗaya. Muka kwashe da dariya. Kafin la'asar har an laƙaba mata suna. Wasu suka ce makero ne, kada a haɗa mataji da ita. Wasu suka ce aljanu ne ke yi mata aski cikin dare.

Daga baya wadda ke zama kusa da ita a firef ta tsegunta mana cewa ita da kanta take tsigewa. Idonta na kan littafi, hannunta na cikin hijabi, tana zare gashin ɗaya bayan ɗaya. Maimakon wannan labari ya sa mu tausaya mata, sai ya ƙara mana abin faɗa. "To ai ita ta so, ta daina mana!" Haka muka yanke mata hukunci. Da aka dawo hutu ba ta dawo ba, kuma har yau ba mu sake haɗuwa ba.

Sai da muka shiga jami'a, muna neman bayani don wani aikin gida kan ilimin gado, muka ci karo da sunan abin da ke damunta. Jikinmu ya yi sanyi. Ashe ciwo ne da likitoci suka sani fiye da shekara ɗari, kuma a daidai lokacin da muke yi mata dariya, masana daga ƙasashe daban-daban na can sun haɗa kai suna neman tushensa a cikin ƙwayoyin gado. Labarin wannan haɗin kai muka kawo muku yau.

Ciwo ne mai suna

A shekarar 1889 wani likitan fata ɗan ƙasar Faransa mai suna François Hallopeau ya raɗa wa ciwon suna tirikotilomeniya. Ya haɗo sunan ne daga kalmomin Girkanci guda uku masu nufin gashi, da tsigewa, da matsananciyar sha'awa. Mu dai bari mu kira shi ciwon tsigar gashi. Mai shi yakan tsige gashin kansa, ko na gira, ko na ido, ko gemu, har wurin ya zama fili. Ya sha yunƙurin dainawa ya kasa, kuma abin yana damunsa ko yana hana shi shiga mutane.

Ciwon yana da ɗan uwa, wato ciwon ƙwaƙular fata. Shi kuma mai shi yakan yi ta ƙwaƙular ƙurajen fuska, ko ɓare ciwon da ya fara warkewa, ko mintsinin fatar hannu da ta leɓe, har jini ya fito, tabo ya bi tabo. Kowa yakan matse ƙurji wani lokaci, wannan ba shi ne ciwon ba. Ana kiransa ciwo ne idan ya kai ga yi wa jiki illa, mutum ya kasa bari, har ya shafi karatunsa ko zamansa da jama'a. A shekarar 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba shi gurbinsa na kansa a cikin kundinta na cututtuka, ta ajiye shi tare da tsigar gashi a rukuni ɗaya da ciwon waswasi, irin wanda ke sa mutum ya yi ta maimaita wanke hannu ko duba ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta haɗa su biyun wuri guda a sabon kundinta da ya fara aiki a 2022.

Kada ku ɗauka abu ne da ba safai ake samu ba. Bincike ya nuna a cikin mutum 100 akan sami 1 zuwa 2 masu tsigar gashi, masu ƙwaƙular fata kuma sun ɗan fi haka. Wannan ƙididdiga daga ƙasashen Turawa aka fi samo ta, amma ku auna da ita: a makaranta mai ɗalibai 1,000, ana maganar yara 10 zuwa 20 ke nan. Yawanci tsigar gashi yakan fara ne tsakanin shekara 10 zuwa 13, wato daidai shekarun ƙannenmu na ƙaramar sakandare. Yana kama maza da mata, sai dai mata sun fi zuwa asibiti a kansa.

Masu ciwon sun bayyana cewa iri biyu ne yadda abin ke zuwa musu. Wani lokaci hannu ne ke tafiya da kansa, mutum na karatu ko kallo ko kwance, bai ankara ba sai ya ga gashi zube a kan littafi. Wani lokaci kuma wani irin matsi ne ke taso masa kamar ƙaiƙayi, ba ya samun sukuni sai ya tsige, ya ɗan ji sanyi na daƙiƙoƙi, sai nadama da kunya su biyo baya. Damuwa da fargabar jarrabawa da zaman kaɗaici duk suna ƙara rura shi.

Tagwaye sun ba da shaida

Me ya sa masana suka fara zargin gado? Da farko likitoci sun lura cewa idan aka sami mai tsigar gashi, sau da yawa akan sami wani a danginsa mai tsiga, ko mai ƙwaƙula, ko mai waswasi. Amma wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin 'yan gida ɗaya ba jini kawai suka haɗa ba. Tukunya ɗaya suke ci, tarbiyya ɗaya suka samu, kuma yaro yana iya kwaikwayon yayansa.

Nan ne tagwaye suka shigo. Kun san Hassan da Hussaini iri biyu ne. Akwai masu kama ɗaya sak, waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya da ya rabu biyu, su kusan duk ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne. Akwai kuma waɗanda suka fito daga ƙwai biyu, su kusan rabi suka haɗa, kamar sauran wa da ƙani. Dukkansu gida ɗaya suka tashi. Saboda haka idan aka ga wani ciwo ya fi haɗa tagwaye masu kama ɗaya fiye da marasa kama, to akwai hannun gado a ciki.

A shekarar 2009 masana a Amurka suka wallafa binciken da suka yi kan tagwaye 34, wato mutum 68. A cikin masu kama ɗaya, kusan kashi 38 cikin 100 duka biyun ne ke da ciwon tsigar gashi. A cikin marasa kama kuwa ba a sami ko guda da ciwon ya haɗa su biyun ba. A 2012 wasu masanan a Landan suka bincika tagwaye fiye da 2,500 kan ƙwaƙular fata, suka kiyasta cewa gado ne ke da alhakin kusan kashi 40 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan ɗabi'a.

Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, gado yana da hannu, saboda haka yarinyar ɗakinmu ba iskanci take yi ba. Na biyu, ko a tagwaye masu kama ɗaya, mafi yawansu ɗaya ne ke da ciwon, ɗayan lafiyarsa lau. Ke nan abin da ake gada shi ne saurin kamuwa, sauran kuma ya danganta da abubuwan da mutum ya haɗu da su a rayuwa.

Darasin ɓeraye

Tagwaye sun nuna akwai gado, amma ba su faɗi wace ƙwayar gado ba ce. Haske na farko daga ɓeraye ya fito. Ɓera ma yana gyara jikinsa, yana lasar gashinsa yana shafa fuska da ƙafafun gaba, kamar yadda kyanwa ke yi.

A jami'ar Yuta da ke Amurka akwai wani masani, Mario Capecchi, wanda ya ƙware wajen kashe ƙwayar gado guda ɗaya tak a jikin ɓera don a ga abin da zai faru. Wannan fasaha ce ta sa ya samu kyautar Nobel a 2007 tare da wasu mutum biyu. A shekarar 2002 shi da abokiyar aikinsa Joy Greer suka ba da rahoton ɓerayen da aka kashe wa wata ƙwayar gado mai suna Hoxb8. Ɓerayen nan suka riƙa ɓata kusan ninki biyu na lokacin da sauran ɓeraye ke ɗauka wajen gyaran jiki, har gashinsu ya zube, fatarsu ta yi gyambo. Ba su tsaya kansu ba, har abokan zamansu na keji suke tsige wa gashi.

Abin mamaki ya zo a 2010. Masanan suka ɗebi ɓargon ƙashi daga ɓeraye masu lafiya suka dasa wa masu tsigar, sai da yawansu suka rage, gashi ya fara tsirowa. Ina ruwan ɓargo da ɗabi'a? Bayanin da suka bayar shi ne, matsalar na tattare da wasu ƙananan ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda ake kira maikurogiliya. Kada wani ya ce za a yi wa mutane dashen ɓargo saboda tsigar gashi, aiki ne mai haɗari da ba a yin sa don wannan. Amfanin gwajin shi ne ya nuna cewa ɗabi'ar da muke gani kamar ganganci tana iya samo asali daga cikin jiki.

A jami'ar Duke kuma, a 2007, ayarin Guoping Feng ya kashe wa ɓeraye wata ƙwayar gado mai suna SAPAP3, wadda ke aiki a mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, inda saƙo ke tsallakawa daga wata jijiya zuwa wata. Su ma waɗannan ɓeraye suka yi ta goge fuska har suka ji wa kansu ciwo, ga kuma yawan firgita. Da aka mayar musu da ƙwayar gadon a wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke kula da ayyukan da jiki ya saba maimaitawa, sai suka lafa.

A wajen mutane ma an ɗan taɓa. A 2006 masana a jami'ar ta Duke suka bincika iyalai 44 masu ciwon tsigar gashi, suka sami canji a wata ƙwayar gado mai suna SLITRK1. Sai dai a 'yan ƙalilan ne kawai aka samu. Mafi yawan masu ciwon ba su da wannan canji, ke nan ba a kama ɓarawon ba tukuna.

Ba irin gadon sikila ba ne

A nan ya kamata mu tsaya mu warware wani abu, domin mu a nan idan aka ce gado, sikila ke fara zuwa mana rai. Kowa ya san AA da AS da SS. Sikila ƙwayar gado ɗaya ce tak ke jawo ta, shi ya sa gwajin jini ɗaya ke nuna ta, kuma shi ya sa ake iya lissafi cewa idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 na zuwa da SS.

Tsigar gashi da ƙwaƙular fata ba haka suke ba. Sun fi kama da tsawo. Kowa ya san dogaye sukan haifi dogaye, amma babu wata ƙwayar gado guda da ake kira ta tsawo. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya tattara bayanan mutum fiye da miliyan 5, ya gano wurare fiye da 12,000 a cikin DNA da ke da alaƙa da tsawo, kowanne da ɗan ƙaramin tasirinsa. Masana na ganin haka waɗannan cututtuka biyu suke: ƙananan bambance-bambance masu yawa ne ke taruwa, kowanne ya ɗan tura kaɗan. Don haka babu gwajin jinin da zai nuna wa mutum yana da ciwon tsigar gashi, kuma ba abu ne da za a fasa aure a kansa ba.

To ta yaya ake gano ƙaramin tasiri irin wannan? DNA ɗin mutum kamar littafi ne mai haruffa kusan biliyan 3, kuma littafin kowane mutum biyu ya yi daidai a fiye da kashi 99 cikin 100. Masana sukan ɗebi jini ko yawun masu ciwo da na marasa ciwo, su sa na'ura ta karanta wuraren da mutane suka saba bambanta, sannan kwamfuta ta kwatanta. Idan wani harafi ya fi yawa a wurin masu ciwon, sai a sa masa alama.

Matsalar ita ce yawa. A ce kuna son sanin ko ɗaliban da ke karyawa da safe sun ɗan fi masu zuwa da yunwa cin lissafi da maki ɗaya. Idan ɗalibai goma kuka gwada, ba za ku gane komai ba, domin mai ƙoƙari ɗaya ko mai zazzaɓi ɗaya ya isa ya birkita sakamakon. Sai kun tara dubbai kafin makin nan ɗaya ya fito fili. Haka binciken gado yake. Iyalai 44 ko tagwaye 34 sun yi kaɗan ƙwarai.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Babu asibiti guda a duniya da zai iya tara dubban masu tsigar gashi shi kaɗai, musamman da yake ciwo ne da ake ɓoyewa. Dole sai an haɗa hannu. Masana sun riga sun ga amfanin haka a wasu cututtukan. A 2007 aka kafa wata gamayyar masu binciken gadon cututtukan ƙwaƙwalwa, inda ɗaruruwan masana daga ƙasashe da dama suka amince kowa ya kawo bayanan da ya tara a zuba a kasko ɗaya. Da can kowa yana ɓoye nasa ne don ya riga wani suna, kuma sakamakon da wannan ya samu sai wancan ya kasa tabbatarwa. Da suka haɗu, a 2014 suka kwatanta masu wani ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani da ake kira sikizofiriniya kusan 37,000 da marasa shi fiye da 113,000, suka gano wurare 108 a DNA masu alaƙa da shi. Wannan ciwo daban yake da wanda muke magana a kai, misali kawai muka kawo don ku ga abin da yawa ke iya yi.

A ɓangaren tsigar gashi, abin sha'awa shi ne masu ciwon ne da kansu suka tura motar. A shekarar 1991 wata Ba'amurkiya mai suna Christina Pearson, wadda ta shafe shekaru tana fama da tsigar gashi da ƙwaƙular fata tana zaton ita kaɗai ce a duniya, ta kafa wata ƙungiya a jihar Kalifoniya da aka fi sani da TLC. Ƙungiyar ta riƙa haɗa masu ciwon da iyayensu da likitoci a taro. Da suka ga manyan masu ba da kuɗin bincike ba su damu da ciwonsu sosai ba, sai suka shiga tara gudummawa a tsakaninsu.

Da wannan kuɗi aka kafa wani babban shirin bincike na haɗin gwiwa. Cibiyoyin da suka shiga sun haɗa da jami'ar Shikago, da jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, da babban asibitin Massachusetts da ke Boston, da jami'ar Stellenbosch a Afirka ta Kudu. Sun yarda su yi aiki da ma'auni ɗaya: tambayoyi iri ɗaya, hoton ƙwaƙwalwa iri ɗaya, da ɗibar jini don adana DNA. Wannan yana da muhimmanci. Idan likitan Shikago yana kiran abu ciwo, na Stellenbosch kuma yana kiransa ɗabi'a kawai, to haɗa bayanansu kamar auna hatsi ne da mudu daban-daban.

Ɗaya daga cikin sakamakon farko ya fito a 2021. Masanan sun ga alamun cewa masu tsigar gashi sun kasu gida uku, masu ƙwaƙular fata kuma gida biyu. Misali, akwai waɗanda jikinsu ke saurin jin taɓi da ƙaiƙayi fiye da na sauran mutane, akwai waɗanda galibi ba sa sanin suna tsiga, akwai kuma masu son komai ya zama daidai cif, waɗanda ke shan wahalar danne sha'awar idan ta taso. Idan wannan rabo ya tabbata, zai taimaka wa masu binciken gado, domin mai yiwuwa kowane gida da nasa tushen. Mutanen da suka shiga wannan shiri 'yan ɗaruruwa ne, alhali dubbai ake buƙata. Tafiyar da sauran nisa, amma an kama hanya.

Duk wanda ya shiga irin wannan bincike da yardarsa yake shiga. Ana yi masa bayani, ya sa hannu, kuma yana iya janyewa. Akan cire sunansa daga jikin kwalbar a sa lamba. Idan yaro ne, sai da amincewar iyayensa. Yawancinsu sun san ba lallai su ci moriyar sakamakon da kansu ba, don na baya suke yi.

Ina Afirka a ciki?

Wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye. Wani nazari da aka wallafa a 2016 ya nuna kusan kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka yi irin wannan binciken gado a kansu Turawa ne, masu asalin Afirka kuma kusan kashi 3 kacal. Alhali 'yan Afirka sun fi kowace al'umma yawan bambance-bambancen gado a tsakaninsu, domin a nahiyar nan ɗan Adam ya fi daɗewa. Sakamakon da aka samu daga Turawa zalla ba lallai ya yi aiki daidai a kanmu ba.

Ba a ce ba mu taɓa shiga ba. A wani babban shiri na duniya da aka fara a 2002 don zana taswirar bambancin gadon mutane, Yarabawa 90 daga Ibadan sun ba da jininsu tare da mutanen Tokyo da Beijin da Yuta. Daga baya aka kafa shirin H3Africa don masanan Afirka su jagoranci binciken gado a nahiyarsu, kuma jami'o'in Nijeriya sun shiga. Giɓin dai yana nan, kuma masu cike shi suna zaune ne yanzu a ajin Bayoloji da Lissafi da Kwamfuta. Wannan fanni yana buƙatar likita, da masanin ƙididdiga, da mai rubuta manhaja, da kuma wanda ya iya zama da mara lafiya ya yi masa tambaya da Hausa har ya saki jiki. Ko kalmar da za a tambayi yarinya a Gumel ko Maraɗi game da wannan ciwo ba tare da an kunyata ta ba, sai ɗan gida ne zai san ta.

Kafin sakamako ya fito

Mai fama da ciwon ba sai ya jira an gama binciken gado ba, akwai taimako tun yanzu. Hanyar da ta fi samun goyon bayan bincike ita ce horon sauya ɗabi'a, wanda wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Nathan Azrin da Gregory Nunn, suka fito da shi a 1973. Mutum zai fara lura da kansa: yaushe hannun ke tashi, a ina, yana cikin wane hali? Daga nan sai ya koyi ba hannun wani aiki da zarar ya ji abin ya taso, kamar dunƙule shi na minti ɗaya, ko riƙe biro, ko jan carbi. Wasu sukan naɗe kan yatsa da filasta lokacin karatu, ko su yanke farce, ko su daina daɗewa gaban madubi. Ana samun sauƙi, wani lokaci abin ya dawo, a sake ɗaura ɗamara.

Batun magani kuwa a bar wa likita. Ga dalili. A 2009 an gwada wani magani mai suna NAC kan manya 50 masu tsigar gashi. Kashi 56 cikin 100 na waɗanda suka sha shi sun samu sauƙi sosai, a kan kashi 16 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta. Amma da aka gwada shi kan yara da matasa a 2013, bai fi ƙwayar banzan ba. Kun ga abin da ya yi wa wani aiki ba lallai ya yi wa wani ba, kuma amsar wannan bambanci na cikin abin da binciken gado ke nema. Kada kowa ya je kemis ya sayi wani abu da kansa.

Idan kai ne ko ke ce ke cikin wannan hali, ga saƙonmu. Ba ku kaɗai ba ne, kuma ba rashin tarbiyya ko raunin imani ba ne. A yi addu'a, a kuma nemi magani. Ku sami babba ɗaya da kuka yarda da shi, uwa ko yaya ko malama, ku faɗa masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, idan an je gaban likita a faɗi gaskiya cewa da hannu ake tsigewa, domin in ba haka ba zai iya ɗauka makero ne ko wani ciwon fata, a yi ta shafa maganin da ba zai yi aiki ba. Likitan fata ko na ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa zai iya taimakawa, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Abu biyu ne ba sa jira. Idan mutum yana haɗiye gashin da ya tsige, lallai a gaya wa likita da wuri, domin ciki ba ya narkar da gashi, yana iya dunƙulewa ya toshe hanji har sai an yi tiyata. Haka nan idan wurin da ake ƙwaƙula ya kumbura, ya yi zafi ko ya fara ruwa, a je asibiti.

Sauranmu kuma, abokan aji da 'yan ɗaki, aikinmu bai da wuya. Ciwon ba ya yaɗuwa, ba a ɗaukarsa ta mataji ko hula. Kada a fizge wa kowa ɗankwali ko hula da sunan wasa. Kada a ce "ka daina mana", domin da dainawa na hannunsa da tuni ya daina. Tsawa da duka da gori ba sa ƙara komai sai damuwa, damuwar kuma ita ke ƙara tsigar. Idan abokinka ya amince maka da sirrinsa, tambaye shi yadda yake so ka taimaka. Wani zai ce ka ɗan taɓa shi a asirce idan ka ga hannun ya tashi, wani kuma zama tare da shi kawai ya ishe shi.

Ku tuna, masanan nan ba za su iya komai ba sai masu ciwon sun fito sun ce ga mu, kuma ba wanda zai fito a inda ake yi masa dariya. Mu da muka yi dariya a filin makaranta ran nan muna cikin masu sa a ɓoye. 'Yar ɗakinmu, idan wannan shafi ya kai gare ki, muna neman afuwarki.

Tambayarmu ta wannan mako ga 'yan ajin kimiyya: me ya sa ɗaya daga cikin tagwaye masu kama ɗaya zai iya kamuwa da ciwon tsigar gashi ɗayan bai kamu ba? Ku aiko da amsoshinku tare da sunan makaranta da aji, za mu buga waɗanda suka fi gamsarwa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A yi karatu da kyau.